Littafin Ermelinda

Asabar ce, Porto ta tashi da yayyafi.
Na ɗauki lema, na ɗauki jakar saƙa,
na ɗauki littafinki mai koren bango
wanda man zaitun ya ɗiga wa a shafi na tara.
Yuro talatin da biyar. Na ƙirga sau uku
a kan teburin da kika saba ƙirgawa.

Shekara arba'in da ɗaya ina cin girkinki, Ermelinda,
ban taɓa sanin kuɗin albasa ba.
Ni dai in tuƙa tarago, in dawo da yamma,
in miƙa miki albashi, in wanke hannu.
Yanzu kiɗa ya canza,
ga tsoho yana koyon rawa.

A shafin farko kin rubuta da jan biro:
"Kada ka shiga kasuwa da yunwa,
ciki ɓarawon aljihu ne."
Sai na ci burodin jiya, na kora da kofi,
na gangara Bolhão a ƙafa,
kuɗin mota ya koma kuɗin ƙwai.

Dankali kilo biyu. Na soke.
Kabeji ɗaya, babba, wanda zai kai Laraba. Na soke.
Wake, tafarnuwa, sabulun wanki.
Tumatir ya yi tsada, na rage biyu,
na tsaya gefen ginshiƙi ina haɗa lissafi
da guntun fensir, leɓena na motsi.

Graciete mai kifi ta hango ni daga nesa:
"Belmiro! Zo ka ga jatan lande,
da asuba suka baro teku.
Zan rage maka, don kai ne."
Ido ya so, hanci ya so,
harshe har ya fara rantsuwa zai biya.
Na buɗe littafi. Sadin shida.
Kin ma ja layi biyu a ƙarƙashin shidan.
Na ce, "Daidai ruwa, daidai tsaki."
Ta kwashe da dariya, ta naɗe shida,
ta jefa na bakwai gyara:
"Haka matarka take, kai kamar dutsen gada."

Saura abu ɗaya.
A ƙasan kowane shafi, mako bayan mako,
akwai harafin B, da yuro biyu a gabansa.
Wata uku ina tsallake shi.
Na ce ko bashi ne, ko burodi,
ko wata sadaka da ba ki faɗa mini ba.

Yau na bi ta gaban Anacleto mai cuku.
Bai ce komai ba, ya ɗauki wuƙa,
ya ɗora ta kan cukun tumaki, ya dube ni.
"Na yuro biyu, kamar kullum?
Ta kan ce, wannan na Belmiro ne,
ko da kifi zai ragu."

Na tuna ɗan yankan da nake tsinta
a gefen farantina kowane daren Asabar.
Na ɗauka canji ne ke ragewa.
Ashe har ni sai da kika ware wa gurbi,
tsakanin sabulu da tafarnuwa.

Na ce masa ya mayar da wuƙa.
Na tsallaka wajen mai furanni,
na ce, "Me yuro biyu za ta saya?"
Ta ba ni farare uku, ɗaya ta ɗan langaɓe.
Na karɓa. Ban ƙara ko sisi ba,
na san ba za ki yafe mini ƙari ba.

A gida na zube jaka, na sake ƙirga:
santi arba'in suka rage.
Na jefa su cikin gwangwanin shayi,
suka faɗa kan na makon jiya, ƙwal.
Sannan na buɗe sabon shafi,
na rubuta dankali, na rubuta wake,
can ƙasa na rubuta E,
da yuro biyu a gabansa.